Ina zan sami zaman taimakon juna na masu son barin giya?

Tambaya: "Ni ma'aikaci ne a Kaduna, ina da mata da 'ya'ya. Na fi shekara goma ina shan giya a ɓoye. Duk watan azumi nakan bari, amma ba a yin sati biyu da Sallah nake komawa. Yanzu ta kai in ban sha da safe ba hannuna rawa yake yi. Na ji an ce a ƙasashen waje masu irin matsalata suna haɗuwa su taimaki juna. Akwai irin wannan a wajenmu? Ta yaya zan samu ba tare da asirina ya tonu ba?"

Ɗan'uwa, Allah ya ba ka lafiya, ya kuma saka maka da wannan ƙarfin hali. Akwai irin wannan zama, ana samunsa, kuma zan gaya maka ƙofofin da ake bi. Amma a cikin maganarka akwai abu ɗaya da ya fi neman zaman gaggawa, wato rawar hannun nan ta safe.

Rawar hannu da ba ta lafawa sai an kurɓa alama ce ta cewa jiki ya riga ya dogara da giya. Giya tana danne ƙwaƙwalwa, ita kuma ƙwaƙwalwar da ta yi shekaru ana danne ta takan ƙara wa kanta ƙaimi don ta iya aiki. Ranar da aka janye giyar farat ɗaya, sai ƙaimin nan ya rasa abin da zai tare shi. Daga awa 6 zuwa 24 bayan kurɓar ƙarshe ake fara ganin makyarkyata, zufa, tashin zuciya, bugun zuciya da rashin barci. Cikin kwana biyun farko wasu sukan faɗi suna jijjiga kamar masu farfaɗiya. Tsakanin kwana na biyu da na huɗu kuma wasu sukan ruɗe gaba ɗaya, zazzaɓi ya rufe su, su riƙa gane-gane da sambatu, wannan kuwa yana kisa in ba a kai mutum asibiti ba. Mutane da yawa a wajenmu sukan ɗauka aljanu ne, a yi ta hayaƙi da tofi har lokaci ya ƙure. Kada ka ce ai ka sha bari a azumi ba abin da ya same ka. Jikin da ke rawa da safe yanzu ya wuce inda yake a waɗancan shekarun, kuma duk lokacin da aka bari aka koma, bari na gaba yakan fi na baya tsanani.

Saboda haka kada ka yanke shan nan kai kaɗai a ɗaki. Je ka ga likita tukuna, ka gaya masa ainihin abin da kake sha da yawansa, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In ka rage masa lissafi, zai rage maka magani. Aikin da ake yi ba mai tsawo ba ne, yawanci kamar mako guda: a ba ka maganin da ke kwantar da jijiyoyi ana rage shi kullum, a haɗa maka da bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa, a duba hanta da jini. Wani a kwantar da shi, wani ya riƙa zuwa daga gida, likita ne zai tantance. Kada ka je kemis ka sayi diyazefam, wato irin wannan maganin kwantar da jijiyoyin, da kanka. Haɗa shi da giya yana iya tsayar da numfashi, kuma na ga waɗanda suka bar kwalba suka faɗa ƙwaya ta wannan hanyar.

Abin daɗin shi ne, wannan ƙofa ta asibiti ita ce kuma ƙofar da ta fi kusa da zaman da kake nema. Masu irin wannan zama ba sa kafa allo a bakin titi, musamman a Arewa inda mai shan giya yake tsoron surutun unguwa, a wasu jihohin ma har da Hisba da bulala. A bakin mutane ake samun labarinsu, kuma mutanen da suka fi sani su ne ma'aikatan sashen shaye-shaye na asibitocin ƙwaƙwalwa. Kai da ke Kaduna, ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, ga kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika in kana ganin Barnawa ta yi maka kusa da idon sani. Na Kano yana da asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau da asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, na Sakkwato yana da asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, na Borno yana da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri, na Filato yana da asibitin koyarwa na Jos. Ka yanki kati kamar kowa. In ka gama da likita, ka nemi ganin nas ɗin sashen, ko mai ba da shawara, ko jami'in walwalar marasa lafiya, domin su suka fi likita sanin wanda aka sallama da inda yake zuwa. Ka yi musu tambaya a fili: akwai zaman rukuni da kuke yi wa masu zuwa daga gida? Akwai waɗanda suka bari da suke haɗuwa a tsakaninsu? Akwai wani da ya daɗe da bari da zai yarda ku ba shi lambata ya kira ni? Tambaya ta ukun nan ita ce mai tsoka. Ma'aikacin kirki ba zai ba ka lambar wani marar lafiya ba, amma zai iya miƙa taka da izininka, kuma sau da yawa daga kiran waya ɗaya komai yake farawa.

Game da tonon asiri, riƙe sirrin marar lafiya wajibi ne a kan likita da nas, ba alfarma ba ce suke yi maka. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ita ma ta ƙarfafa wannan haƙƙi. Asibiti ba ya kai rahoton mai neman magani wurin aikinsa ko wurin hukuma. In wani ya gan ka a harabar, ai masu rashin barci da masu farfaɗiya da masu damuwa duk nan suke zuwa.

Hukumar NDLEA ma tana da masu ba da shawara a ofisoshinta na jihohi, ban da aikin kame da aka fi saninta da shi, kuma a 2022 ta buɗe layin kira kyauta, 0800 1020 3040. Ƙarfinsu ya fi a kan ƙwaya da wiwi, amma suna iya nuna maka cibiyar da ke kusa da kai.

Yanzu ga ainihin abin da ka ji labari. Ƙungiyar da ta fi shahara ita ce Alcoholics Anonymous, wadda aka fi sani da AA. Asalinta wani ɗan kasuwar hannun jari ne mai suna Bill Wilson, wanda ya yi 'yan watanni da barin giya, sai tafiyar kasuwanci ta kai shi garin Akron a jihar Ohayo ta Amurka a shekarar 1935, cinikin kuma ya rushe. Yana tsaye a zauren otal, ga mashaya a gefe guda tana kiransa, sai ya gane cewa abin da zai cece shi shi ne ya sami wani mashayi irinsa su yi magana. Ya ɗauki jerin lambobin coci-coci ya yi ta bugawa har aka haɗa shi da wani likitan fiɗa, Bob Smith, wanda giya ta kusa gamawa da shi. Likitan ya ce minti 15 kawai zai ba shi, suka yi awanni suna magana. Na kawo maka wannan ne domin ka ga cewa tun daga tushe da cigiya aka fara, kuma wanda ya je taimakon ma kansa yake ceto.

Tsarinsu mai sauƙi ne. Sharaɗin shiga ɗaya ne tak, mutum ya kasance yana son daina sha. Ba rajista, ba kuɗin shiga, ba a tambayar sunan mahaifi ko wurin aiki. Ana zama kamar awa guda, a karanta wani abu kaɗan, sannan kowa ya faɗi halin da yake ciki in yana so. Ba a katse mai magana, ba a yi masa wa'azi, ba a ba shi fatawa. Wanda bai shirya ba ya ce yau saurare zai yi, shi ke nan. Akwai zaman da kowa zai iya halarta har da dangi, akwai kuma wanda aka keɓe wa masu matsalar kaɗai. Bayan ɗan lokaci sabon zuwa yakan zaɓi jagora daga cikin waɗanda suka daɗe da bari, wanda zai iya kira ko da tsakar dare in sha'awar ta taso, shi ne kuma zai bi da shi matakai 12 na ƙungiyar: amincewa cewa abin ya fi ƙarfinsa, komawa ga Ubangiji, binciken kai, faɗar laifi, neman gafarar waɗanda ya cuta da biyan haƙƙinsu, sannan taimakon wani.

Wani zai ce zaman hira kawai, me zai yi wa ciwon shekara goma? An auna. A 2020 cibiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tace binciken likitanci, ta haɗa bincike 27 da suka shafi mutum 10,565. Ta gano cewa waɗanda aka bi da su ta tsararriyar hanyar shiga AA, kashi 42 cikin ɗari ba su sake sha ba har shekara guda, waɗanda aka yi wa sauran hanyoyin shawara na ƙwararru kuma kashi 35. Ka lura da abu biyu a nan. Zaman yana aiki, har ya ɗara abin da mu ma'aikatan lafiya muke yi a ofis. Kuma ko da shi, fiye da rabi sukan yi tuntuɓe a shekarar farko, don haka ake haɗa shi da likita, wani lokaci da magungunan rage sha'awa irin su naltirezon, ba a jingina da abu ɗaya.

Dalilin da ya sa yake aiki kuwa, kai da kanka ka ba da shi a tambayarka. Me ya sa kake iya bari a azumi? Domin a watan nan gari gaba ɗaya yana tafiya tare da kai. Lokacin da ka saba zuwa mashaya an cike shi da buɗa-baki da tafsiri da asham, abokan shan sun janye, dare yana da abin yi. Da an sauko daga Idi sai duk wannan ya watse, a bar ka kai kaɗai da ƙarfe shida na yamma da albashi a aljihu. Abin da ke ƙare maka bayan Sallah jama'a ce da tsari, niyyarka tana nan. Zaman taimakon juna shi ke mayar maka da waɗannan biyun a sauran wata goma sha ɗaya, ya kuma ƙara maka abin da azumi bai ba ka ba: wurin da za ka buɗe baki ka faɗi gaskiya. Mutumin da ya yi shekara goma yana tauna kanumfari kafin ya shiga gida, yana ƙirƙiro wa matarsa dalilin dare, nauyin ƙaryar kaɗai ya isa ya mayar da shi ga kwalba. Ranar da ya faɗi abin da ya fi jin kunya, ya ga mutum biyar sun gyaɗa kai don su ma sun yi, ranar yake fara samun barci.

Zaman AA na ido da ido kaɗan ne a Najeriya, akasari a manyan birane, kuma da Turanci ake yi. Ka duba shafinsu na aa.org, wurin neman taro a wasu ƙasashe, ko ka rubuta wa babban ofishinsu na Niyok ka tambayi wanda za ka tuntuɓa a Najeriya. Duk adireshin da ka gani a intanet, ka kira ka tabbatar kafin ka hau mota, domin irin waɗannan ƙananan rukunai suna yawan sauya wuri da lokaci. Abin da ke hannunka tun daren yau shi ne zaman intanet. A shafin aa-intergroup.org akwai jerin tarukan Zoom dare da rana. Kana iya kashe kyamara, ka sa sunan da ka ga dama, ka zauna a cikin motarka da abin saurare a kunne. In ka rufe hoto, data kaɗan yake ci. Agogonmu ɗaya ne da na Ingila daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sauran watanni muna gabansu da awa ɗaya, Afirka ta Kudu kuma tana gabanmu da awa ɗaya, saboda haka tarukansu na yamma suna faɗowa daidai lokacin da sha'awar ta fi damunka. Kada ka yanke hukunci da zama ɗaya. Su kansu sukan ce wa baƙo ya gwada kamar shida daban-daban, domin kowane rukuni da halinsa. In kana haɗa giyar da tiramol ko kodin, ƙungiyar Narcotics Anonymous ta masu son barin ƙwaya, wadda aka kafa a 1953, ita ma ƙofarta a buɗe take gare ka, su a wajensu giya ma ƙwaya ce.

Na san abin da zai tsaya maka a rai a matsayinka na Musulmi, tunda ka ambaci azumi. AA ta taso a cikin Kiristoci, rukunai da yawa a ɗakunan coci suke haya, wasu kuma sukan rufe zama da addu'ar Kirista. Ba ƙungiyar addini ba ce, ba a tilasta wa kowa furta komai, kana iya yin shiru ka yi taka addu'ar a zuci. In duk da haka hankalinka bai kwanta ba, akwai Millati Islami, wadda Musulmin Amurka suka kafa a birnin Baltimo a 1989, suka gina matakan a kan Alƙur'ani da Sunna, kuma suna zama ta intanet. Akwai kuma SMART Recovery, tun 1994, wadda ba ta shigo da maganar addini sam, dabarun sarrafa sha'awa da tunani take koyarwa. Ɗan'uwa Kirista da ke karanta wannan, shi ma ya tambayi fastonsa ko fada, coci-coci da yawa suna da masu wannan hidima.

Ni a ganina babu abin da ya saɓa wa addini a cikin mutum ya zauna da masu neman tuba irinsa. Haramcin giya kansa a mataki-mataki ya sauka, daga ayar Baƙara zuwa ta Nisa'i zuwa ta Ma'ida, kuma Nana A'isha ta ce da an fara da cewa kada ku sha giya, da mutane sun ce ba za su taɓa bari ba. A cikin Buhari akwai sahabin da aka sha kawowa saboda shan giya, da wani ya la'ance shi sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. Wannan nake so malamanmu su riƙa tunawa in mashayi ya zo musu. Malami mai rufin asiri babban jigo ne a tafiyarka, ka neme shi. Sai dai bai san yadda ƙarfe shida na yamma take a jikinka ba, wanda ya sha ya bari shi ya sani, don haka kowanne da gurbinsa.

Ka yi hattara da inda za ka kai kanka, domin masu cin kasuwa da wannan ciwo suna da yawa. Duk wurin da ake ɗaure mutum, ko a doke shi, ko a hana shi abinci da sunan gyaran hali, ka guje shi. Ba mu manta gidan marin da 'yan sanda suka fasa a Rigasa a Satumban 2019 ba, inda aka fito da mutum sama da 300, wasu da sasari a ƙafa. Haka duk wanda ya ce yana da maganin da zai raba ka da giya cikin kwana uku, ko ya ce ka watsar da maganin likita, ko ya nemi kuɗi masu yawa kafin ka zauna, ko yake ɗaukar hoton mahalarta yana sawa a Facebook don neman tallafi. Zaman kirki za ka gane shi da cewa ba mai gida a cikinsa, shugabancin yana zagayawa, abin da ake tarawa bai wuce na shayi da hayar ɗaki ba, kuma abin da aka faɗa a ɗakin a nan yake kwana. Ga 'yan'uwa mata masu wannan matsala, waɗanda kunyarsu ta ninka ta maza, su nemi zaman mata zalla a intanet, jagorarsu kuma ta kasance mace.

To in ka bi duk waɗannan ƙofofi ba ka sami zama a garinku ba fa? Sai ku fara naku. A ƙa'idar AA, mutum biyu ko uku da suka haɗu don su bar giya sun isa rukuni. Mutum ɗayan nan da nas ta haɗa ku ya wadatar. Ku tsayar da rana da lokaci, kada ku saɓa ko da ku biyu ne kawai kuka zo. Ku zaɓi wurin da shigarku ba za ta ja ido ba, kamar ɗaki a asibiti bayan an tashi aiki, ko aji a makaranta da yamma, ko ofishin ɗayanku. Ku yi da Hausa, domin abin da ke cin rai da harshen uwa yake fita. Ku amince a kan 'yan ƙa'idoji tun ranar farko: ba a fitar da magana, ba a katse juna, kowa kansa zai ba da labari, ba rance tsakaninku, ba siyasa, ba gardamar aƙida. Maganar rancen nan kada ku raina ta, ta rusa zumunci da yawa. Wanda ya zo a buge a bar shi ya zauna ya saurara in ba zai ta da hankali ba, a yi magana da shi bayan an tashi. Ku riƙa shiga zaman intanet tare don ku ga yadda waɗanda suka daɗe suke tafiyar da nasu, ku kuma bar wa sashen asibitin lambar ɗayanku saboda na gaba da zai zo da irin tambayarka. In kun buɗe zauren WhatsApp, ku tuna kowa yana ganin lambar kowa kuma waya tana faɗawa hannun iyali, saboda haka a bar shi ga sanar da lokaci kawai.

Tsakanin zama da zama, alkawarin yini ɗaya ake ɗauka, na yau kaɗai, gobe a sabunta. Ka san lokutan da ka fi rauni, galibi yunwa ce, da fushi, da kaɗaici, da gajiya, sai ranar da albashi ya shigo. Ka canja hanyar da kake bi daga ofis, ka bar majalisar da ake sha ko da za a ce ka yi girman kai, ka kira jagoranka tun kafin ka kurɓa. In tuntuɓe ya faru, ka je zama na gaba ka faɗa, ba wanda zai kore ka, yawancinsu sun bi ta nan. In shan ya koma na kullum, sai an sake bi ta wurin likita kafin a yanke. In kuma ka taɓa jin zuciyarka tana raya maka ka kashe kanka, wannan ba ya jiran ranar zama, asibiti za ka nufa a ranar, ka kuma gaya wa wani na kusa da kai.

Sai maganar uwargida. Ka ce a ɓoye kake sha, amma a abin da na saba gani, matar da ta yi shekara goma da mai sha ta sani, shiru kawai take yi don ta rufa maka asiri, kuma shirun yana cinta. Ba dole ne ka gaya mata komai a dare ɗaya ba. Amma makon da za ka yi kana karɓar magani kana buƙatar wanda zai kwana kusa da kai, ya san alamun da in ya gani zai garzaya da kai asibiti, wato jijjiga, ruɗewa, gane-gane ko aman da ba ya tsayawa. Ita ma akwai zaman da aka yi domin irinta, Al-Anon, wanda matar Bill Wilson, Lois, ta kafa tare da wata abokiyarta a 1951 saboda iyalan masu sha, kuma ana yinsa ta intanet. In ka ga ba za ka iya fara maganar a gida ba, ka tafi da ita asibiti ranar ganin likita, ka roƙi mai ba da shawara ya taya ka buɗe ta a gabansa.